Dan Allah ku daina kawo mana farar giwa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya haƙuri da mu masu ƙorafi. Ni mai karatun jaridarku ne daga nan Damagaram, a waya nake karantawa don takardar ba ta isowa wajenmu sai in wani direba ya naɗo ƙosai da ita daga Maigatari. Na koyar da Ingilishi a kwaleji sama da shekara ashirin kafin in aje alli, har yanzu yaran unguwa Mushe suke ce mini, wato malamin boko, to kar ka ga kamar shisshigi nake, abun ne ya taɓa sana'ata.

Daren Talatar da ta wuce muna zaune a fadarmu nan Zango, an ɗora shayi na biyu, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kamar kullum, sai wani ɗan ƙanena ya ce bari ya karanto mana labaran Najeriya. Ya karanto kan labarinku inda kuka ce 'yan adawa a wata jiha sun ce sabon filin jirgin saman da gwamna zai gina "aikin farar giwa" ne. Wallahi kafin yaron ya rufe baki wani dattijo da muke zama tare, dillalin fata ne, mutum mai hankali wanda ya yi Kano ya yi Agadas ya yi Makka sau biyu, ya ɗaga hannu ya ce Masha Allah, kun ga gwamnan kirki, har 'yan adawa sun sallama masa. Sauran ma duk suka gyaɗa kai. Ni kaɗai na kwashe da dariya har shayi ya sarƙe ni, aka bi ni da kallo kamar na taɓu.

Kuma fa Alhaji bai yi laifi ba. Ka faɗa mini, a kunnen Bahaushe ina aibun giwa? Da giwa ake yi wa sarki kirari, toron giwa, a ce wa mace giwar mata, maroƙi in ya ce maka giwa sai ka laluba aljihu. Fari kuma ga farin jini ga farin ciki ga farar aniya ga farar zuciya, in ka cire farar ƙafa da wuya ka samu inda fari ya zama zagi. To ka haɗa biyun ka ba mutum, ka ce masa ai kushe ne, ta ina zai gane? Wanda ya rubuta labarin ya ga white elephant a takardar Ingilishi ya ɗauko kalma ɗaya ɗaya ya sa musu riga da hula ya turo mana, ma'anar kuma ya baro ta can. Mu nan da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Turancin Faransa ma muna da ita, éléphant blanc, 'yan jaridar Yamai na faɗa a rediyo, amma mutum nawa ne a cikin kasuwar Dole suka san ta? Af, tunda na ambata, ku riƙa tunawa in kun rubuta "Turanci" kawai mu nan da yawa Faransanci muke fara kawowa a rai, ku ce Ingilishi ya fi mana sauƙi.

Bari in faɗi abin da maganar take nufi yadda nake gaya wa 'yan ajina. In Bature ya ce abu white elephant ne, yana nufin abu ne babba mai tsada mai ban sha'awa a ido, wanda amfaninsa bai kai wahalarsa ba, kullum yana cin kuɗi wajen kula da shi, kuma mai shi ba shi da yadda zai yi ya rabu da shi, ko don kunya ko don tsoro ko don ba mai saye. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa, alhali shi ne gishirin maganar. Abin da za ka iya jefarwa gobe da safe ka huta bai kai a kira shi haka ba.

Asalinta daga gabashin duniya ne, ƙasar Siyam, wadda a 1939 aka sauya wa suna zuwa Tailan, da maƙwabciyarta Bama. A can akan samu giwa jefi jefi mai hasken fata, su suna ɗaukarta abu mai tsarki, don a addininsu na Buda ana cewa mahaifiyar Buda ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Duk inda aka ga irinta ta sarki ce, ba a sa ta jan itace ko wani aikin ƙarfi kamar sauran giwaye, gida ake gina mata da masu hidima, kuma yawan fararen giwayen sarki shi ne alamar girman mulkinsa. Ba wasa suke da abun ba, har yaƙi an yi a kai, a 1563 sarkin Bama mai suna Bayinnaung ya aika wa sarkin Siyam cewa ya ba shi biyu daga cikin nasa, wancan ya ƙi, aka kawo masa yaƙi har gida, ƙarshe huɗu aka kwashe maimakon biyun. Tutar ƙasar ma a da jan ƙyalle ne da farar giwa a tsakiya, sai a 1917 suka kawo wadda suke amfani da ita yanzu, kuma har gobe ɗaya daga cikin manyan lambobin girmamawa na Tailan sunan farar giwa gare ta. Ka ga ke nan su masu giwar ra'ayinsu ɗaya da Alhajin fadarmu, abin alfahari ne. Turawa ne suka juya ta.

Labarin da Turawa ke bayarwa shi ne wai in sarkin Siyam ya ga wani bafade ya fara ƙiba yana ɗaga kai, ba zai kama shi ba, ba zai ƙwace masa komai ba, sai ya yi masa kyautar farar giwa a gaban jama'a. Bafade ya faɗi ya yi godiya. Daga ranar ya shiga uku, ba damar sa ta aiki, ba damar sayarwa, ba damar kyautar da ita, in ta rame kuma ya ci mutuncin sarki, ga shi giwa babba tana iya tashi da kilo 150 na ciyawa da ganye a rana ɗaya banda ruwa. A hankali dukiya ta ƙare a cikin giwa. Labari ne irin na baka, amma ana cewa shi ya haifi karin maganar a Ingilishi.

Wani abin dariya, giwar ba fara ba ce ma fat kamar yadda muke zato, launinta ya fi kama da jar ƙasa mai haske, in ta jiƙe ta yi ja-ja. A 1884 wani shahararren mai wasan nuna dabbobi na Amurka, Barnum, ya kashe maƙudan kuɗi ya sayo ɗaya daga Bama, aka fara nuna ta a Landan, mutane suka yi dafifi suka tarar da giwa ruwan toka mai dabbare dabbare, suka koma suna tsaki. Abokin gasarsa da ya ga haka sai ya samu tasa giwar ta gida ya shafe ta da farin fenti ya ce ga ta gasken nan. Mutum dai mutum ne ko ina.

Ni kam ban taɓa gane maganar nan har cikin raina ba daga littafi, a gidan kawuna na gane ta, Allah ya jiƙansa. Malamin allo ne a cikin Birni, ba shi da komai sai buzu da tawada da 'yar gona a hanyar Mirriya. Shekarar da ɗan wani babban attajiri ya sauke Alƙur'ani a hannunsa, uban yaron don jin daɗi ya aiko masa da doki, kili, harda sirdi da linzami da likkafa, aka jawo shi da rana tsaka yara na bi ana guɗa. Ranar kawu har ƙwalla ya yi. Inna kuwa, matarsa, tana tsaye bakin ƙofar ɗaki ta riƙe haɓa, abin da ta ce kawai shi ne Malam a ina zai kwana, kuma wa zai ba shi ruwa.

Duk wanda ya san Damagaram ya san abin da tambayar nan ta biyu ke nufi. Garin da in bazara ta yi sai mace ta kwana a layin famfo, ana sayen ruwa wajen 'yan garuwa bido bido, wato jarka jarka, a nan aka kawo wa malamin allo dabbar da za ta shanye bido biyu a wuni ba ta ce an gode ba. Aka rushe ɗan akurkin kajin Inna aka kafa turke. Sai harawa, sai dusa, sai kanwa, sai hatsi tiya tiya daga cikin wanda aka aje don tuwon gida, in ya yi tari a nemo mai magani, in kofato ya yi tsawo a nemo mai yankewa. Almajirai da ya kamata su yi tilawa da la'asar suka koma 'yan yankan ciyawa. Kawu kuma bai iya hawa ba, sau ɗaya ya gwada aka ɗauko shi daga cikin kwata, daga nan sai ranar hawan sallah wani saurayi ya zo ya ara ya yi ado ya bi tawagar Sarki, mu kuma mu tsaya bakin hanya muna nuna wa abokai muna cewa na kawunmu ne. Sau biyu a shekara ke nan. Sauran kwana ɗari uku da sittin da wani abu yana tsaye yana ci yana kaɗa wutsiya.

Za ka ce me ya hana a sayar. Ai nan gizo ke saƙar. Duk Juma'a in an taso masallaci attajirin nan sai ya biyo ta ƙofar gidan ya rage tafiyar mota ya ce Malam ya kili, kawu ya ce kili sai godiya Alhaji. Ta yaya za ka kai kyautar babban mutum kasuwa a garin da kowa ya san kowa, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Ba zai iya bai wa wani ba, raini ne. Ba zai bari ya rame ba, a ce Malam ya wulaƙanta alheri. Shekara shida ana haka, Inna ta sa wa dokin suna Kishiya. Shi attajirin ba da mugunta ya yi ba, wannan kam na tabbata, bambancinsa da sarkin Siyam na cikin labari ke nan, amma tuwon gidan bai san bambancin ba.

To ka ga da ma muna da abun, kuma muna da bakin faɗarsa. Alaƙaƙai. Ƙarfen ƙafa. Ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa, wanda ni a ganina shi ya fi kusa in ana maganar rasa yadda za a yi da abu. In kyan ido ne ba amfani ga kyan ɗan maciji, ko da yake shi ya fi karkata wajen abin da zai cuce ka. Kuma abin mamaki muna da namu karin maganar da giwa a ciki, aikin baban giwa, wahalar da aka sha a banza. Da marubucinku ya ce 'yan adawa sun ce filin jirgin aikin baban giwa ne da Alhaji bai yi Masha Allah ba. Ba daidai suke cif da cif ba, na yarda, aikin baban giwa bai ɗauko maganar ci gaba da cin kuɗi ba, amma ya fi kusa da gida sau dubu. In kuma duk ba su zauna ba, a faɗa a miƙe mana, aikin da zai ci kuɗi ba amfani kuma ya zame wa jiha kaya. Layi ɗaya ne, ba zai cinye muku shafi ba.

Akwai kuma wani kuskuren da nake gani har a wajen masu rubutu da Ingilishin kansa, duk ginin da aka fara aka watsar sai su ce white elephant. A'a. Ajin lakwal da ɗan kwangila ya kai linta ya gudu da kuɗin kwano, wannan kango ne, aikin da aka yi watsi da shi, ba ya cin komai sai dai awaki su kwana ciki, kuma da an gama shi da ya yi amfani. Farar giwa tana nan da ranta tana neman abinci. Misalin da ake yawan kawowa shi ne filin jirgin Mirabel kusa da Montreal a Kanada, an buɗe shi a 1975 da burin ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, aka kai shi nesa da gari, fasinja da kamfanonin jirage suka ƙi shi, ana ta kashe kuɗin kula da shi har 2004 da jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga can. Ku kuma kuna da Ajakuta a jihar Kogi, kamfanin ƙarfen da aka fara a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet, ba a kammala ba amma ya shiga sahun, saboda duk shekara ana ware masa kuɗi ana biyan albashi ana gadi, kowace gwamnati ta zo ta ce za ta tada shi, ba mai iya cewa a rufe. Kar ka ce na taɓo naku na bar namu, mu ma ga layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a farkon 2016, duk wanda ya bi hanyar a mota ya gan shi shimfiɗe gefen titi, jirgi kuwa shiru.

Sai dai a yi hattara, kalmar makami ce a bakin 'yan siyasa. Wanda ba ya mulki komai aka gina farar giwa ne a wajensa, ranar da ya hau kuma ya gina wadda ta fi ta. Shi ya sa jarida bai kamata ta ɗauke ta ta maida ita hukuncinta ba, a ce wane ne ya faɗa, a kuma gaya mana nawa aka kashe, mutum nawa za su amfana, nawa zai riƙa ci duk shekara, mu yi wa kanmu lissafi. Kuma lokaci kan ƙaryata mutane. Dogon benen nan na New York, Empire State, da aka buɗe a 1931 lokacin karayar tattalin arziki, ofisoshinsa sun daɗe ba masu haya har mutanen garin suna masa ba'a da bene fanko, sai wajen shekarun 1950 ya fara kawo riba, yau kuwa layi ake bi a biya kuɗi a hau. Wanda ya kira shi farar giwa a 1933 bai yi ƙarya ba, wanda ya faɗa yau kuwa dariya za a yi masa.

Ba gwamnati kaɗai ba fa, Bature na faɗar ta a kan abin gida. Ƙatuwar motar da ɗan'uwa ya turo maka daga waje wadda kayan gyaranta sai an aika Kano ko Kwatano, tana fake a ƙofar gida tayoyi sun sace. Firijin nan mai ƙofa biyu da ake sa wa amarya a unguwar da kuran ke zuwa awa uku, ƙarshe ya zama wajen aje kwanoni. A Ingila in ana ƙaramar kasuwar tara kuɗin taimako akan ware tebur guda da wannan sunan, kowa ya kawo tarkacen da ya ishe shi a gida a sayar, a Amurka kuma wasa ne da suke yi lokacin Kirsimeti na musayar kyaututtukan ban dariya marasa amfani. Kuma dan Allah a gaya wa yaranku kar su haɗa ta da ɗaya maganar, elephant in the room, giwa a cikin ɗaki, wannan daban ce, ita tana nufin babbar matsalar da kowa ke gani amma an yi gum ba mai son ya fara taɓowa. Na taɓa jin wani mai fassara a rediyo ya cakuɗa su biyun ya ce akwai farar giwa a zauren taron, na ce to Allah ya kiyaye kujeru.

Na san aikin jarida gudu ne, labari ya shigo da Ingilishi ƙarfe biyar ana so ya fita ƙarfe shida, ba ni da niyyar raina ƙoƙarin kowa. Amma mu da ke wannan gefen iyaka Hausar ce kaɗai ta haɗa mu da ku, mai karatu a Kano in ya ga farar giwa wataƙila ya hango Ingilishin da ke ƙarƙashi ya gane, na Magarya da Matamaye da Tanut ba shi da wannan tsanin, abin da kuka rubuta shi zai ɗauka. In kuna ganin dole sai giwar ta shigo Hausa, to ba laifi, harshe na aro, mu ma nan mun ari lakwal da bido da kuran mun zauna da su lafiya, amma ku riƙa rako ta da ɗan bayani sau goma sau ashirin har kunne ya saba.

Da na gama yi musu wannan dogon bayanin a fada shayi na uku har ya huce, Alhaji dillali ya yi shiru can ya ce Mushe, wato dai dokin kawunka. Ashe ya san labarin, shi ne ma ya ce in cika musu ƙarshensa. Attajirin ya rasu wata shekara da damina, kawu ya je zaman makoki ya yi addu'a sosai da zuciya ɗaya, ya jira aka yi sadakar arba'in, washegari tun kafin kiran assalatu aka ja kili ta bayan gari aka yi Matamaye da shi. Da kuɗin Inna ta sa aka sake gina akurkin kajinta.

Na gode da ba ni fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani tsohon Mushe, Zango, Damagaram